Wutar Gidan Malam Jalo

"Jalo, ƙafafuna sun mutu. Tun jiya ban san inda suke ba."

"Suna nan a jikinki, Adda. Ga su ina kallo."

Zainabu mai ƙosai ta tsayar da hannu a cikin ƙwaryar waken da take wankewa. Katangar da ta raba gidanta da na Malam Jalo ba ta da kauri, marka kuma ta zaizaye mata kai, don haka duk abin da aka faɗa a can sai ya faɗo nan. Muryar farko ta Inna Fatu ce, yayar Malam Jalo, tsohuwar da ke kwance a ɗakin da ya jingina da katangar. Ta biyun ta maigidan ce, mijin Husaina, a sanyaye, kamar mai rarrashin yaro.

"Garwashi uku kawai," in ji tsohuwar. "Ban ce itace ba. Uku, a sa mini a ƙarƙashin gado."

"Rana ta yi, Adda."

"Wace ranar? Yau kwana huɗu ba wanda ya ga rana a Azare."

"Tana nan bayan hadari, ɗuminta na saukowa a hankali, ke ce ba ki da haƙuri. Da aka sauke koko da safe na ce Husaina ta jingina miki tukunyar a ƙafa kafin ta huce. Ta jingina ko ba ta jingina ba?"

"Ta jingina."

"To, wuta ɗaya kin ci ta sau biyu ke nan, ciki da ƙafa. Wa ya samu haka a unguwar nan?"

"Allah ya isa tsakanina da kai, Jalo."

"Ki rage magana, Adda. Buɗe baki ma fitar da ɗumin jiki yake yi."

Zainabu ta ji takunsa ya nufi zaure, tarin tsohuwar ya raka shi. Ta ce a ranta, wannan bawan Allah ba shi da imani. Sannan ta ci gaba da wankin wakenta, domin gobe da asuba a gidan nan nasa za ta ɗebo wutar da za ta soya shi.

Duk wanda ya zauna a Azare a shekarun da ake kwasar samari zuwa yaƙin Bama, a zamanin Turawa, ya san Malam Jalo magini. In bai san fuskarsa ba, ya san murhunsa. Mutumin Katagum ne. Ya zo Azare wajen shekara ashirin kafin nan, gemunsa baƙi wuluk, da ɗan ƙunshin kaya da hannun hagu mai tsohuwar ƙuna. Yatsu biyu na ƙarshe sun manne da juna, fatar wurin tana sheƙi. In an tambaye shi sai ya ce ƙuruciya ce, ya mayar da hannun cikin riga.

Ba soro yake ginawa ba, ba katanga ba. Murhu ne sana'arsa, sai gadon ƙasa. Kafin zuwansa matan unguwar duwatsu uku suke jerawa, su cusa itace ta kowane gefe, iska ta kwashi rabin wutar ta yi gaba. Shi kuwa sai ya kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi da kashin jaki, ya tashi murhu mai baki ɗaya, ya juya shi ya ba iska baya, ya auna gindin tukunyar matar gidan ya yi mata mazauni daidai ita, yadda harshen wuta ba zai samu inda zai leƙo ba. Itacen da a da ake ƙonawa a kwana biyu sai ya doshi mako. Gadonsa ma haka. Zai bar kogo a ƙarƙashi, a zuba garwashin da bai fi cikin tafi ba, mai jego ta kwana tana gumi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin da sai an yi tafiyar rabin yini da jaki kafin a samo marke busasshe, ga ashana ta ɓace daga kanti saboda yaƙi, kananzir kuwa sai gidajen manya.

Abin da ya sa ya yi wuyar ƙi shi ne, yawancin abin da yake faɗa gaskiya ne. In ya shiga gida aiki ya ga tukunya a buɗe tana tafasa, sai ya ajiye yumɓun ya nemi murfi da kansa. Shi ya koya wa mata jiƙa wake kafin a ɗora shi. Shi ya koya musu in tuwo ya nuna a zare bakin wutar a tusa a yashi, gobe ya sake aiki, a kuma ɗora ruwan alwala a kan tokar da ta rage. A gidansa ana cin tuwon dare kafin magariba, wai ba ya ganin dalilin kunna fitila don mutum ya nemi bakin da ya san inda yake. A bayan gidan akwai rumfa cike da marke da kirya, an jera su har rufi, wasu tun shekarar aurensa na fari. Ba a taɓa su. Abin da ake ƙonawa kara ne, da ɓawon gyaɗa, da busasshen kashin shanun da yake tsintowa a hanyar Itas in Fulani sun tashi daga masauki. Mata biyu sun bar gidan, kowacce ta ce ba duka ba zagi, ita dai ta gaji da wanka da ruwan randa a tsakiyar sanyi. Husaina, ta ukun, ta zauna saboda ba ta da inda za ta.

Amma abin da ya fi ba shi suna shi ne wutar gidansa ba ta taɓa mutuwa ba. Shekara goma sha tara bai ƙyasta ashana ba. Da yamma zai binne dunƙulen kashin shanu mai ci a cikin toka, da asuba ya tone, ya hura sau biyu, ta buɗe ido. Kafin gari ya waye matan unguwa sun jeru a tsakar gidansa, kowacce da kaskonta. Dokar ɗaya ce, kowa ta zo da gawayinta ko karanta, shi kunnawa kawai yake yi. Bai taɓa hana kowa ba, don ya daɗe da lura cewa in an kunna kara a jikin garwashi, garwashin ba ya raguwa, godiyar kuma tasa ce. Yakan tsuguna bakin murhu yana amsa "Allah ya saka da alheri, Malam" ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa a sake kamar mai rabon zakka.

Zainabu ita ce ta farko a layin nan kullum. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗaki ɗaya da tukunyar suya, kuma ƙosan nan shi ke riƙe da ita. Murhunta Malam Jalo ne ya gina, ya ƙi karɓar komai, ya ce haƙƙin maƙwabtaka ne. Kowace damina in ya tsage shi ke liƙe shi. In ya samo buhun ɓawon gyaɗa a rumfar masu awo, yakan zuba mata ƙwarya biyu ta kan katanga. Ba ta taɓa zama ta tambayi kanta me ya sa mutumin da ba ya iya rabuwa da ƙirare guda yake yi mata wannan ba. Ta ɗauka kirki ne. Shi kuwa ya san kunnen da ya fi kusa da gidansa nata ne.

Inna Fatu ta zo bara, bayan rasuwar mijinta a Katagum. Ba ɗa ba jika, ga sanyin ƙashi ya lanƙwasa mata gwiwoyi. A kan takarkari aka kawo ta. Malam Jalo ya tarbe ta a ƙofar gida a gaban jama'a, ya ɗauke ta da hannunsa. Ya gyara mata ɗaki, ya gina mata gadon ƙasa irin wanda bai taɓa yi wa kowa ba, da zane a gefe da matashi na yumɓu, kogon wutarsa kuwa har da 'yar ƙofar da ake toshewa don ɗumi ya kwana. Ya riƙa kiran mutane su zo su gani. Aka yi ta sa masa albarka. Tun ranar da gadon ya bushe ba a taɓa sa masa wuta ba.

Bayan faɗan da Zainabu ta ji da kwana biyu, aka kira Malam Jalo aiki a Giade. Da ta gama suyar safe sai ta ɗauki ƙosai huɗu a ganye ta shiga gidan, ta wuce ɗakin tsohuwar. Ɗakin na warin danshi. Inna Fatu na dunƙule a kan kyakkyawan gadon, ta rufa da zane biyu da tsohuwar tabarma.

"Sannu, Inna. Ya jikin?"

"Jiki ya tafi, Zainabu, ni kaɗai aka bari. Taɓa nan ki ji."

Zainabu ta taɓa ƙafar. Sai ka ce gindin tulu.

"Inna, me kika yi wa Malam ne? Mutumin da ke kunna wa gari wuta."

Tsohuwar ta yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Kin ga hannun nan nasa? Ni ce."

Ta ba da labarin ba tare da ta kalli Zainabu ba. Mahaifinsu fataucin kifi yake yi. Yakan sayi tarwaɗa a wurin masunta a bakin kogi, ya yi bandarta a rumfa a bayan gida. Banda hayaƙi take so, in wuta ta yi harshe an yi asara, don haka kullum sai an sa mai tsaro. Ran nan Jalo aka sa, yana ɗan shekara takwas. Ita Fatu ta dawo daga ɗibar ruwa da sassafe, zaninta ya jiƙe, haƙoranta na haɗuwa. Ta tarar ya yi gyangyaɗi. Ta ɗebi kara ta tusa, ta durƙusa ta hura, don kawai ta ji ɗumi. Wutar ta kama asabari, ta haye rufi. Kifin shekara guda ya tafi. Jalo ya farka ya sa hannu zai janyo abin da zai iya.

"Baba ya ɗaure shi a turken jaki, ya yi masa dukan da ban taɓa gani ba, ga hannun na ɗigar ruwa. Ya juyo ya ce da ni, ke, wa ya ƙara wa wutar nan kara? Na ce na tarar da ita tana ci."

"Shi Malam ya san ke ce?"

"Ya buɗe ido ya gan ni ina hurawa. Bai faɗa ba. Har yau bai faɗa ba. Da sau ɗaya ya zage ni, da na huta."

"Ba ki nemi gafararsa ba?"

"Ranar da aka sauke ni a gidan nan. Na kama ƙafarsa. Ya ce, wace wuta, Adda? Shi bai tuna ba." Ta ja tabarmar ta rufe kafaɗa. "Washegari ya fara gina gadon."

Zainabu ta fito ta samu Husaina a bakin murhu, suka yi ƙus-ƙus. Shirin mai sauƙi ne. In Malam ya fita aiki da hantsi, Zainabu za ta zuba sauran garwashin suyarta a kasko ta miƙa ta inda katanga ta zaizaye. Husaina ta tura shi ƙarƙashin gadon, kafin la'asar ta dawo da shi, ta share wurin. Husaina ta ce, "Yaya Zainabu, in ya gane fa?" Zainabu ta ce, "Aljani ne shi?"

Kwana tara suna haka. Tarin ya ragu. Har wata rana Zainabu ta ji tsohuwar na 'yar waƙa ƙasa-ƙasa ta bayan katanga. A kwanakin nan Zainabu ta ji daɗin kanta ƙwarai. Takan yi wa masu sayen ƙosai gyara ba su roƙa ba. In ta wuce matan unguwa sai ta ji kamar ta fi su da wani abu da ba su sani ba. Ba ta tsaya ta lura cewa alherin nata arha ne ba, garwashin da ko ba ta bayar ba toka zai zama, kuma ta kan katanga, inda ba mai ganinta balle ya ɓata da ita.

A safiya ta goma tana tsugune ta miƙa kaskonta, Malam Jalo na jera mata gawayi a jikin wutarsa, sai ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Zainabu, bana marke kike ƙonawa?"

"Wani lokaci, Malam."

"Na ce. Na ga toka fara sol a tsintsiyar Husaina. Mu kuwa gidan nan tokarmu baƙa ce, ta kara da kashin shanu. Na ce ikon Allah, yanzu toka har katanga take tsallakewa." Ya yi dariya, matan da ke baya suka taya shi, ba su san abin da ake wa dariyar ba. Ya hura gawayin sau biyu, ya miƙa mata. "Na ga murhunki ya fara tsagewa ta gefen hagu. In aka bar shi haka ba zai ga ƙarshen damina ba. Zan duba miki. In na samu hali."

Zainabu ta karɓi kaskon, ya karkace har wani gawayi ya faɗi. Ya ɗauka da yatsunsa ya mayar mata.

Da hantsi ta ji shi ta katanga, da muryar nan tasa mai sanyi. "Husaina, daga yau tukunyar koko ta huta da zuwa ɗakin Adda, ki zuba ruwan wanke-wanke a ciki. Adda ta samu masu ba ta wuta, kada a yi mata biyu ta yi zazzaɓi."

"Jalo, ka ji tsoron Allah."

"Ina jin sa, Adda. Shi ya hana almubazzaranci."

Zainabu ta daina. Ta samu dalilai, kuma kowanne da ƙafarsa. Ɗan'uwanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ita wace ce da za ta shiga tsakani? Ga shi shigar da ta yi ma ta jawo wa tsohuwar asarar tukunyar koko. In ta kai wa mai unguwa, wa zai yarda, bayan duk unguwa ta ga gadon, kuma matar mai unguwar ma a kan ginin Malam Jalo take jego? Dalilin da ba ta faɗa wa kanta ba shi ne tsagar nan ta gefen hagu, da layin asuba. Kullum tana nan ta farko. In ta zo wucewa ta ƙofar ɗakin tsohuwar sai ta ɗaga murya daga nesa, "Inna, an tashi lafiya?" ta wuce kafin amsa ta fito.

Kwana shida haka. Faɗan ma ya daina. Da fari tsohuwar takan kira sunan ƙanenta, daga baya ta koma kiran Husaina, daga baya sai tarin kawai.

Rana ta bakwai ruwa ya sauko tun asuba, irin mai siririn nan da ba ya tsawa ba ya ɗaukewa. Bango ya jiƙe, tabarma ta jiƙe, gishiri ya narke a cikin kwano. Zainabu ba ta yi suya ba, don ba mai fitowa. Ta zauna a bakin ƙofarta ta miƙe ƙafafu kusa da murhu, tana jin ɗumi na hawa ƙwaurinta, tana jin tarin ta bayan katanga. Wajen azahar tarin ya canja, ya zama kamar ana jan ƙwarya a kan yashi. Ta matsa da tabarmarta can gefe. Har can ana ji.

Da la'asar ta kasa. Ta janyo wani tsohon tulu daga lungu, inda ta ɓoye gawayin kirya da ta tanada don suyar salla. Ta zaɓi manya guda shida, ta kunna su har suka yi ja, ta zuba a kaskonta mai ɓallen baki, ta kife da murfin tukunya. Ta taka turmi ta leƙa.

"Husaina. Husaina!"

Husaina ta fito da buhu a ka, idanunta a waje. "Yaya Zainabu, ki rufa mini asiri. Yana zaure. Ruwa ya hana shi fita."

"Karɓi dai."

"Wallahi zai ji ƙanshin."

"Karɓi, hannuna na ƙuna!"

Husaina ta karɓa, ta ruga ɗakin tsohuwar.

Shekara goma sha tara Zainabu na maƙwabtaka da magini. Ta san ba a kwaɓa yumɓu a cikin ruwa, ta san yana gida tun kafin Husaina ta faɗa. Da ɗumin Inna Fatu ne kaɗai a gabanta, da ta bi ta zaure da kaskon a hannu, ta wuce ta gabansa, ta zauna a bakin gadon har gawayin ya cinye, ya yi abin da zai yi. Ko kuma ta kira mata biyu su kinkimo tsohuwar zuwa ɗakinta. Wannan tunanin ya zo mata, ta kore shi da sauri, don ɗakin ɗaya ne, kuma tsohuwar sai an ɗaga an kwantar, an wanke. Abin da take so shi ne kaskon ya bar hannunta, ta samu ta ci tuwonta.

Ta sauko daga kan turmin ta kasa kunne. Ta ji takun maigidan ya ratsa tsakar gida a hankali. Ta jira faɗa. Ba faɗa. Ba a ɗaga murya ba, ba a jefo mata kasko ta kan katanga ba. Can ta ji takun ya koma zaure. Ta ce, to, ko dutse ne a ƙirjinsa yau ya ji tausayi. Ta ci tuwonta, ta yi barci mai daɗi.

Kukan Husaina ne ya tashi unguwa da asuba.

Zainabu na cikin waɗanda suka yi wankan. Gawar ta ƙanƙance, gwiwoyin sun ƙi miƙewa sai da aka danna. Wata dattijuwa ta sa hannu a ruwan da aka kawo, ta janye. Ta leƙa ƙofa ta ce, "Malam, a ɗan ɗumama mana ruwan nan mana." Daga tsakar gida ya amsa, cikin ladabi, "Ai Inna, yanzu Adda ba ta jin sanyi." Aka yi da na randa.

Da suka juya gawar, Zainabu ta saci jiki ta zura hannu a kogon gadon. Sanyi ƙalau, a share, ko ƙwayar toka babu. Kaskon ma ba ya nan. Ta ce a ranta, Husaina ce ta kwashe da sassafe ta ɓoye. Ta nemi idon Husaina don ta tabbatar, Husaina ta sunkuyar da kai tana matse zane.

Kwana uku ba a ɗora tukunya a gidan Malam Jalo ba, kamar yadda aka saba a gidan rasuwa. Maƙwabta ne ke kawo abinci. Zainabu, da yake ita ce ta jikin katanga, ita ta ɗauki tuwon baƙin da suka zo daga Katagum, ta ƙone itacen da ta tara na wata guda. Rumfar bayan gidansa na nan yadda take, har rufi. A zaure maza na ta cewa, Malam ya riƙe zumunci, a zamanin nan wa zai ɗauki tsohuwa gurguwa ya yi mata irin wannan ɗaki? Shi kuma yana zaune, hannun hagu a cikin riga, yana amsawa, "Haƙƙi ne, haƙƙi ne." Wutar gidan ba ta mutu ba. Kullum da asuba yana tone ta, layin kuma na nan.

Zainabu ta riƙa faɗa wa kanta cewa ko ba komai tsohuwar ta yi kwananta na ƙarshe a kan gado mai ɗumi. Kirya shida ba wasa ba ce, takan kai asuba. Ta faɗa ta sake faɗa, har ranar sadakar uku ta yarda. Har ta ce da dattijuwar da suka yi wanka tare, "Alhamdu lillahi, Inna Fatu ba ta tafi da sanyi ba." Dattijuwar ta kalle ta, ba ta gane ba, ta ce, "Allah ya sa."

A rana ta huɗu rana ta fito. Zainabu ta fitar da tabarmi tana shanyawa, sai ta ji sallama a ƙofar gida. Ta ja mayafi ta fita. Malam Jalo ne, da ƙullin yumɓu a kafaɗa, wanda ya kwaɓa don tsagar murhunta. A hannun dama kuma yana riƙe da kasko mai ɓallen baki. A ciki gawayi shida ne, manya, baƙaƙe, gefensu kawai ya ɗan yi fari. Zainabu ta ƙirga su da ido ba ta so ba. Kafin ta san abin da take yi, hannuwanta biyu sun riga sun miƙe.

Ya ɗora mata kaskon a tafi, ya gyara shi don kada ya karkace.

"Ga kayanki, Zainabu. Kirya ce mai kyau, ban bari ta ci a banza ba. Ana shigar da ita na yayyafa mata ruwa. Ki shanya ta yau da akwai rana, za ta yi miki suyar gobe."